Yadda Ake Tsara Jadawalin Jarrabawar Intanet Ba Tare da An Zalunci Ɗalibi Ba

Lokacin da nake riƙe da aikin jami'in jarrabawa na sashenmu a wata babbar makaranta a nan Jos, na taɓa sa jarrabawar wani kwas da ƙarfe takwas na safe, ta intanet, kowa ya rubuta daga inda yake. A raina na gama adalci: lokaci ɗaya, tambayoyi hamsin, minti arba'in ga kowa. Washegari wata ɗaliba ta same ni a ofis da goyo a bayanta. Ta ce, "Malam, kwana uku ke nan babu wuta a unguwarmu. Tun dare na kai wayata wurin mai caji, shi kuma bai buɗe shago ba sai takwas da rabi." Na buɗe rajistar shiga, na ga ta shiga saura minti tara a rufe. Tambaya goma sha ɗaya ta amsa. Yarinyar tana cikin masu ƙoƙarin ajin, kuma ni na kayar da ita, da alƙalamin da na rubuta jadawali.

Tun ranar na gane cewa jadawali ma yana raba maki, tun kafin malami ya duba amsar kowa. Shi ya sa duk abin da zan faɗa a nan ya tsaya kan abu guda: ka fara tsarinka daga ɗalibin da ya fi kowa wahalar kaiwa ga jarrabawar. Idan lokacin ya yi masa, zai yi wa sauran.

Jarrabawa ta kwamfuta ta riga ta zauna da gindinta a ƙasar nan. JAMB ta fara gwada ta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015. Jami'ar karatu daga nesa ta NOUN mai hedikwata a Jabi, Abuja, ta daɗe tana yi a cibiyoyinta. Rufe makarantu saboda korona a 2020, da yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, sun sa zangon karatu ya matse, sassa da dama suka rungumi intanet don su cim ma lokaci. Kayan aikin sun iso, amma hikimar tsara lokacin tana baya.

Da farko, ka san waɗanda kake tsara wa

Mako shida kafin jarrabawa ka raba gajeriyar takarda ga kowane aji. Tambayoyin kada su wuce shida: da me za ka rubuta, waya ko kwamfuta, taka ce ko ta aro? A wace unguwa kake kwana? Wane layi ne yake da sabis a wurin? Wane lokaci aka fi kawo muku wuta? Kana aiki ko kasuwa, kuma yaushe? Akwai wata lalura ta lafiya ko ta jiki da ya kamata mu sani? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada ka raba ta a zauren WhatsApp kaɗai. Waɗanda za su cika ta a can su ne masu data da caji, wato waɗanda ba su ne matsalarka ba. Ka buga a takarda, ka ba wakilan aji, ka kuma sa su bi sawun duk wanda bai dawo da tasa ba. Amsar tambayar lafiya kuwa ta zo hannunka kai tsaye a rufe, kada ta bi ta hannun ɗan aji.

Batun wuta ka ɗauke shi da muhimmanci. A tsarin da ake bi yanzu, an raba masu amfani da lantarki rukuni-rukuni: rukunin A an yi musu alkawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A aji ɗaya za ka samu wanda ke zaune a Rayfield da sola a gidansu, da wanda ke haya a ɗaki ɗaya a Unguwar Rogo ko Gangare, da mai zuwa kullum daga Bukuru. Takardar nan ce za ta nuna maka yawan kowane.

A gida ko a zaure?

Wannan shawara ita ce uwar sauran, kuma ra'ayina a kanta a fili yake. A jami'o'inmu babbar jarrabawar ƙarshen zango tana ɗaukar maki 60 ko 70 cikin ɗari. Abu mai nauyi haka bai kamata a ɗora shi kan sabis ɗin unguwa ba. A yi shi a zauren kwamfuta na makaranta, inda janareta ɗaya ce ga kowa, na'ura iri ɗaya, mai sa ido ɗaya. Ƙananan gwaje-gwajen tsakiyar zango, masu maki goma ko sha biyar, su ne suka dace da gida.

Idan dole ta sa a yi babbar daga gida, misali ga masu karatu daga nesa, to a ware kujeru a zauren makaranta ga duk wanda ya rubuta sunansa cewa ba shi da na'ura ko wuta. Kada a tambaye shi hujjar talaucinsa. Ya ce yana so, a ba shi.

Toshe lokutan da ba a taɓawa

Kafin ka sa kwas ko ɗaya, ɗauki kalanda ka fara da soke abin da ba naka ba.

Ranar Juma'a daga sha biyu zuwa uku ba ta jarrabawa ba ce. Ba sallar kaɗai ba, har da hanya: wanda ya san yadda tituna ke cika a kewayen babban masallacin Jos ya san ɗalibi ba zai fito ya kai Naraguta cikin rabin awa ba. Lahadi ka bar ta gaba ɗaya, ko da kana ganin ai intanet ce, ba ta san ranar hutu ba. Asabar ma ka yi tambaya, domin a Filato akwai mabiya cocin da ke ibada ranar Asabar, kuma ba su da yawan da za su yi ƙara a ji su. Azahar da La'asar su samu gurbi a tsakanin zubi, wato rukunin ɗaliban da ke shiga rubutawa a lokaci ɗaya.

Sallah tana bin ganin wata, sanarwa kuma daga fadar Sarkin Musulmi take fitowa, gwamnati ta biyo da ranakun hutu. Don haka kada ka sa komai a kwana ɗaya kafin ranar da ake tsammani da kwana biyu bayanta. A watan azumi ka ja kwasa-kwasai masu lissafi zuwa hantsi, lokacin da kai ke da sauran ƙarfi. Makon Ista da na Kirsimeti su ma haka, mutane na tafiya ƙauye, kuma sabis a ƙauye sai an hau tudu.

Sai yanayin gari. Sanyin Jos a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, kuma zubin ƙarfe bakwai yana nufin yarinya ta fito gida cikin duhu tana neman keke. Ni ba na fara komai kafin tara. Da damina ruwan Jos ya fi saukowa daga azahar zuwa yamma, da ya taso da iska kuma wuta ta tafi, sabis ya yi rauni, don haka jarrabawar gida ta fi aminci da safe. Ƙarfe huɗu a ce an tashi. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san dalilin da ya sa iyaye ke son yaransu su ƙetare wasu unguwanni da sauran rana, Musulmi da Kirista baki ɗaya. Wanda ke tsarawa a Abuja kuma nasa ciwon kan shi ne cunkoson Mararaba da Nyanya da safe, da nisan Kubwa da Gwagwalada.

Karon kwasa-kwasai

A nan ne mafi yawan zalunci ke ɓuya, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokacinka.

Kuskuren da aka saba shi ne a tsara bisa aji: 'yan aji ɗaya Litinin da safe, 'yan aji biyu da rana, haka har ƙarshe. Wannan yana aiki ne ga ɗalibin da bai taɓa faɗuwa ba kuma bai ɗauki kwas a wani sashe ba. Mai kari-oba, wanda ke aji uku yana bin bashin kwas na aji biyu, shi ne zai wayi gari da jarrabawa biyu a sa'a ɗaya. Shi ne kuma wanda ya fi kowa buƙatar natsuwa, domin wata faɗuwar na iya ƙara masa shekara.

Ka nemi ainihin jerin rajistar kwasa-kwasai daga ofishin da ke riƙe da shi, wanda ke nuna lambar kowane ɗalibi da duk abin da ya yi rajista. Ka zana tebur: sunayen kwasa-kwasan a jere ta sama, su ɗin dai a jere ta gefe. A kowane gida ka rubuta adadin ɗaliban da suka haɗa kwasa-kwasan biyu. Excel zai ƙirga maka, in ba ka iya ba wani a sashen kwamfuta zai yi cikin awa guda. Duk gidan da ba sifiri ba, waɗannan biyun ba za su zauna a lokaci ɗaya ba, ko da mutum ɗaya ne a ciki. Malaman lissafi sun san wannan matsalar, daidai take da shafa wa taswira launi ta yadda ƙasashe biyu masu iyaka da juna ba za su zo da launi ɗaya ba.

Dabarar ita ce ka fara da kwas ɗin da ya fi kowanne cuɗanya da sauran. Yawanci kwasa-kwasan GST ne, waɗanda ɗaliban kowane sashe ke yi, da na gama-gari irin lissafin aji ɗaya. Ba shi gurbinsa, sannan ka ɗauki mai bi masa a yawan karo, ka sa shi a gurbin farko da ba ya cin karo da wanda aka riga aka sa. Ƙananan kwasa-kwasai na zaɓi su zo ƙarshe, su ko'ina aka sa su za su shiga. Idan ka fara da masu sauƙi, za ka ƙare da babban kwas a hannu babu inda za ka ajiye shi.

Rashin karo bai isa ba. Bayan ka gama, ka juya teburin ka duba ta fuskar ɗalibi. Ƙa'idodina uku ne: kada kowa ya wuce jarrabawa biyu a rana, tsakanin biyun a samu aƙalla awa biyu, kuma kada manyan kwasa-kwasai biyu na aji ɗaya su zo rana ɗaya ko a jere ba hutu. Ka zaɓi ɗalibai goma masu kari-oba mafi yawa, ka rubuta wa kowannensu jadawalinsa shi kaɗai, ka karanta kamar kai ne za ka zauna. Sau da yawa a nan nake gano wanda aka tara wa biyar cikin kwana uku, alhali abokinsa yana da mako biyu a shimfiɗe.

Wani abu da zan faɗa ko da ba zai yi wa wasu abokan aiki daɗi ba: malami zai zo ya ce a sa nasa kwas a ranar farko domin yana da tafiya. Ka saurare shi da girmamawa, amma ka buɗe masa teburin ya ga ɗalibai nawa buƙatarsa za ta matse. Jarrabawar kwamfuta ba ta buƙatar ya tsaya a kanta, wani na iya wakiltarsa.

Lissafin zubi

A ce zaurenku na da kwamfuta 250, kwas ɗin kuma ɗalibai 1,300 ne. Ka ware kashi goma cikin ɗari na na'urorin a matsayin ko-ta-kwana, domin dole wasu su ƙi tashi ko su tsaya a tsakiya. Saura 225. Ka raba 1,300 da 225, zai ba ka zubi shida. Idan jarrabawar awa ɗaya ce, ka ƙara minti 45 na fita da shiga da tantance katin shaida. Za ka samu tara, sha ɗaya saura kwata, sha biyu da rabi, sai biyu da rabi bayan sallah. Zubi huɗu ke nan a rana, don haka kwas ɗin kwana biyu yake buƙata, uku yau uku gobe. Wanda ya matsa shida a rana ɗaya, zubin ƙarshe zai fito bayan magariba.

Zubi yana kawo nasa rashin adalcin. Na farko ya shiga bai san komai ba, na ƙarshe ya shiga bayan tambayoyi sun zagaya waya. Maganinsa rumbun tambayoyi mai faɗi. Ni nakan nemi ninki biyar: jarrabawa mai tambaya 40, rumbu mai 200. Amma kada ka bar na'ura ta ɗebo yadda ta ga dama daga tuli ɗaya, domin wani zai samu masu sauƙi zalla, wani masu tsauri zalla. A kasa rumbun bisa babi da kuma nauyi. Idan babi huɗu ne, kowane ɗalibi ya samu huɗu masu sauƙi, huɗu matsakaita, biyu masu tsauri daga kowane babi. Manhajar karatu ta intanet mai suna Moodle da makamantanta suna yin haka idan an jera tambayoyin a rukunai.

Sannan a daina jera mutane bisa harafin suna kullum. Da wannan tsarin Abdullahi da Abigail su ne 'yan sammako tun daga aji ɗaya har su gama, Zakari da Zainab kuma kullum suna da ƙarin sa'o'in bita. A juya: wanda ya yi zubin farko a wannan kwas ya koma na uku a na gaba. Bayan jarrabawa ka fitar da matsakaicin makin kowane zubi ka kwatanta. Idan na ƙarshe ya zarce sauran da tazara mai yawa, tambayoyi sun fita, ka kai maganar gaban sashe kafin a amince da sakamako.

Ga jarrabawar gida kuma, abin da ya fi shi ne buɗaɗɗen lokaci: a buɗe daga tara zuwa uku, duk sa'ar da ɗalibi ya shiga agogonsa na awa ɗaya ya fara. Da haka mai jiran wuta, da mai shayarwa, da ma'aikacin da sai ya nemi izini, kowa zai sami gurbinsa, kuma ba za su danno babbar kwamfutar da ke riƙe da tambayoyin a minti ɗaya su durƙusar da ita ba. Akwai tarko biyu. Lokacin rufewa yana yanke agogon ɗalibi, wanda ya shiga biyu da rabi rabin awa kawai zai samu, saboda haka a rubuta ƙarara cewa shigar ƙarshe ƙarfe biyu ce. Na biyu, ka tabbatar agogon manhajar yana kan lokacin Najeriya. Da yawa suna zuwa a saite da agogon GMT, wanda muke gabansa da awa ɗaya.

Masu buƙata ta musamman

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, don haka ƙarin lokaci gare su haƙƙi ne. Makaho mai amfani da manhajar karanta rubutu, da mai raunin gani, da wanda hannunsa ba ya sauri, a ƙara musu lokaci a cikin manhajar tun kafin ranar, da sunan kowa. Kada a bari sai a zaure ya tsaya yana roƙon mai sa ido a gaban jama'a. Sashe ya yanke adadin ƙarin ya rubuta, ya zama ɗaya ga duk mai lalura iri ɗaya. Mai keken guragu a ba shi zauren ƙasa. Mai tsohon ciki da mai sikila a sa su zubin hantsi, kusa da ƙofa, kuma kada su bi layi a rana ko a sanyi.

Gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu kafin farawa a yi gwajin minti goma sha biyar, babu maki, a daidai sa'a da wurin da za a yi ta gaske. A nan za ka ga wanda ya manta kalmar sirrinsa, da wanda sunansa bai hau ba, da wayar da ba ta buɗe hoton tambaya, da ko janareta za ta ɗauki zauren. Ka sa wani ya kashe datarsa a tsakiya da gangan, a ga ko amsoshinsa sun tsaya. Jerin waɗanda ba su shiga gwajin ba shi ne abu mafi daraja da za ka samu ranar, ka neme su ɗaya bayan ɗaya.

Rubuta dokar matsala tun ba ta zo ba

Za ta zo. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi kwanaki yana rarrafe. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara na tsawon makonni. A Agustan shekarar an sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa. Ita kanta JAMB, da duk ƙarfinta, a Mayun 2025 ta amince cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai kusan dubu 380 a Legas da Kudu maso Gabas, ta sake musu jarrabawa cikin 'yan kwanaki, da yawansu suna tsakiyar ta WAEC.

Saboda haka ka bar kwana biyu fanko a ƙarshen jadawali, ka rubuta su a jikinsa a matsayin ranakun ramuwa, kowa ya san kada ya yi tafiya kafin su wuce. Sannan a fitar da doka a shafi ɗaya. Wanda na'ura ta tsaya masa a zaure, a mayar da shi wata a cika masa mintunansa. Wanda sabis ya yanke masa a gida, ya sanar cikin awa 24 ta lambar da aka bayar, ko da saƙon tes ne. Idan matsalar ta shafi zubi gaba ɗaya, zubin ya koma ranar ramuwa da sababbin tambayoyi masu nauyi iri ɗaya, kuma maki cikakke, ba a rage komai. Hujja ita ce rajistar manhajar, wadda ke nuna minti na shiga da na yankewa. Hoton fuskar waya ƙari ne, kada a wajabta shi, wanda wayarsa ta mutu da me zai ɗauka?

Hukunci kuma kada ya zauna a hannun malamin kwas shi kaɗai. Mutum uku su duba: jami'in jarrabawa, wani daga sashen kwamfuta, da malamin da ba nasa kwas ba ne. Inda babu rubutacciyar doka, mai baki da mai uwa a gindin murhu su ke samun ramuwa, mai kunya ya koma gida da faɗuwa.

Fitar da jadawali

Daftari ya fita saura mako huɗu, a ba da mako ɗaya na ƙorafi, kuma a zauna da wakilan aji a bi shi layi-layi. Na ƙarshe ya fita saura mako biyu, da kwanan wata da sa hannun shugaban sashe a kowane shafi, domin tsohon daftari ya kan ci gaba da yawo a waya har ranar jarrabawa. A sanar da wuri ɗaya tak da ake ɗaukar maganarsa, a kuma manna takarda a allon sashe. A rubuta rana da kwanan wata tare, "Talata 14 ga wata, 9:00 na safe", kada a bar lamba tsirara.

Idan canji ya zama dole bayan haka, jarrabawa gaba take matsawa, ba a jawo ta baya, kuma da sanarwar aƙalla kwana uku ta tes zuwa lambar kowane ɗalibin da abin ya shafa. Kuɗin tes ɗin a sa shi cikin kasafin jarrabawa tun farko, tare da na man janareta.

A kwanakin jarrabawar ka ajiye littafi a teburin zaure. Duk zubi a rubuta lokacin da aka sa, lokacin da aka fara da gaske, na'ura nawa suka tsaya, mutum nawa suka makara da unguwar da suka fito. Idan aka gama ka haɗa shi da teburin karo da takardun da ɗalibai suka cika, ka miƙa wa wanda zai tsara na zango mai zuwa.